Babi na Bakwai: Idan Ƙwayar Cuta Ta Shiga Jinin Kyanwa

Zafin jikin lafiyayyiyar kyanwa yana tsakanin digiri 38 zuwa 39.2 a ma'aunin Salshiyas, wato ya ɗara na mutum. Zuciyarta kuwa tana bugawa sau 140 zuwa 220 a minti guda idan tana kan teburin likita. Mai karatu ya riƙe lambobin nan da kyau, domin cutar da za mu tattauna a kanta takan juya su ta inda ba a zata ba. Mutum ko kare idan ƙwayoyin cuta suka mamaye jininsa, sai jiki ya ɗau zafi, zuciya ta shiga dukan uku-uku, dasashin kare ya yi ja wur. Ita kyanwa sau da yawa akasin haka take yi. Jikinta ya yi sanyi, zuciya ta rage gudu, dasashi ya yi fari fat, ta nemi ƙarƙashin gado ko bayan buhuna ta lafe. Mai ita ya taɓa ta, ya ji ba zazzaɓi, ya ce ai da sauƙi, gajiya ce. Alhali a daidai wannan lokaci ne ta fi kusa da mutuwa.

A shekarar 2000 wasu likitocin dabbobi na Jami'ar Fensilbeniya a Amurka suka wallafa bayanin kyanwoyi 29 da wannan cuta ta yi wa mummunan kamu tsakanin 1986 da 1998. Abubuwan da suka yi ta maimaituwa a jikinsu su ne kasala, farin dasashi, ciwon ciki ko'ina aka taɓa, haki, raunin bugun jijiya, ƙarancin jini, shawara, sanyin jiki, da jinkirin bugun zuciya. Wani abin lura shi ne wasu daga cikinsu suna kukan ciwo idan an danna cikinsu, amma da aka bincika cikin babu wata cuta a can. Tun daga lokacin, likitan da ya ga kyanwa kwance da zafin jiki ƙasa da 37.8 da bugun zuciya ƙasa da 140 ba ya jiran sakamakon gwaji kafin ya ɗauke ta a matsayin mai bukatar agajin gaggawa.

Sai dai ba kowace bakteriya da aka samu a jinin kyanwa ce ke kai ta ga wannan hali ba. Akwai wadda ke malalowa cikin jini daga wani ciwo a jiki, ta tayar da tarzomar da ke kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai wadda ke liƙewa a bayan jajayen ƙwayoyin jini, ta yi ta cin su a hankali. Akwai kuma wadda ke zama a jini wata da watanni, kyanwa tana cin abincinta tana farautar ɓerayenta, ba abin da ya dame ta. Dukkansu sunansu ɗaya a bakin mai kyanwa, amma maganin da ke ceton ta farko ba lallai ne ya taɓa ta biyu ba, ta ukun kuwa yawanci ƙyale ta ake yi. Shi ya sa tambayar farko a gaban likita ita ce wace ƙwaya ce kuma daga ina ta fito, zancen wane magani sai daga baya.

Ƙofofin shiga

Jini ba mazaunin bakteriya ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a jikin kyanwa wuraren tsagewar sanannu ne.

Wanda kowa ya fi gani shi ne cizo. Fiƙar kyanwa siririya ce mai tsini, idan ta shiga fata takan kai ƙwayoyin bakin mai cizon can ciki, musamman wata mai suna Pasteurella multocida da wasu waɗanda ba sa son iska. Ramin ƙarami ne, nan da nan yake rufewa, gashi ya lulluɓe shi. Bayan kwana biyu zuwa huɗu sai wurin ya kumbura ya tara mugunya. Muzuran da ke kwana a waje suna rikici a kan katanga su ne suka fi dawowa da irin wannan, a kunci, ko a ƙafar gaba, ko a gindin wutsiya idan shi ne ya juya ya gudu. Gaskiya yawancin waɗannan maruru sukan fashe su warke, musamman idan an tsaga an wanke. Kaɗan ne ke zarcewa cikin jini, amma tun da cizon yana da yawa, kaɗan ɗin ma ba abin rainawa ba ne.

Waɗanda suka fi kisa ba a ganin su daga waje. Mugunya takan taru a ƙirji, tsakanin huhu da haƙarƙari, ta matse huhun har kyanwa ta koma numfashi sama-sama, wani lokaci baki a buɗe. Kyanwa ba ta yin hakin baki irin na kare, don haka duk ranar da aka ga tana numfashi da baki, ranar asibiti ce. Hanji kuma yakan huje ya zubar da abin da ke cikinsa. A nan ya kamata masu ɗinki a gida su kula: kyanwa tana son wasa da zare, kuma idan ta haɗiye shi, ƙarshensa ɗaya yakan naɗe a ƙarƙashin harshe, sauran ya wuce hanji. Hanjin ya yi ta ƙoƙarin tura abin da ba zai tafi ba har ya tattare, zaren ya yanka shi a wurare da yawa. Wanda ya ga zare yana leƙowa daga bakinta ko duburarta kada ya ja shi.

Macen da ba a cire wa mahaifa ba, mahaifar takan cika da mugunya 'yan makonni bayan ta yi neman namiji, kuma allurar hana ɗaukar ciki da wasu ke yi wa dabbobi tana ƙara wannan haɗari. Tsofaffin kyanwoyi kuwa sukan samu ta hanyar mafitsara zuwa ƙoda. A duka biyun, bakteriyar hanji mai suna E. coli ce aka fi kamawa.

'Yan jarirai lamarinsu daban ne. Ɗan kyanwa ba ya samun wata kariyar kirki a cikin mahaifa, kusan dukkanta daga dakashin uwa take zuwa, kuma hanjinsa yana iya shigar da ita cikin jini ne kawai a cikin kwana ɗaya na farko, ƙarfinta ma a sa'o'i 16 na farko yake. Wanda bai sha dakashi ba, ga kuma ɗanyar cibiya a kan ƙazantaccen tsumma, shi ne ake gani ya daina tsotso, ya yi ta kuka, ya yi sanyi, washegari a iske shi ya mutu. Waɗanda suka ɗan tasa kuma akwai wani bairos mai sa amai da gudawa, ɗan uwan wanda ke kashe 'yan kwikwiyo, da ke saɓule fatar cikin hanji ya kuma ƙarar da fararen ƙwayoyin jini a lokaci guda. Bairos ɗin ya buɗe ƙofa ya kori masu gadi, bakteriyar hanji su ƙarasa aikin. Wannan yana da allurar rigakafi mai kyau, kuma tana cikin alluran farko da ake yi wa ɗan kyanwa.

Abin da ke faruwa a ciki

Abin mamaki, ba bakteriyar kaɗai ke yin ɓarnar ba. Idan jiki ya ji su a jini, fararen ƙwayoyin jini sukan saki sinadaran kiran yaƙi. A wuri ɗaya, kamar kan maruru, wannan alheri ne: jijiyoyi su buɗe, jini ya kwararo, mayaƙa su iso. Amma idan kiran ya tashi a ko'ina lokaci guda, sai dukkan jijiyoyin jiki su saki, ƙarfin tafiyar jini ya faɗi, ruwan jini ya riƙa tsatsafowa cikin tsoka da huhu. Ƙananan gudaji su toshe siraran jijiyoyi, har sinadaran daskarar da jini su ƙare, dabba ta koma zubar jini ta inda aka yi mata allura. Ƙoda ta daina yin fitsari, hanta ta kasa fitar da ɗacinta, shi ne fararen ido da cikin kunne ke komawa ruwan ɗorawa. A jikin kare, hanji da hanta ne suka fi saurin faɗuwa. A jikin kyanwa huhu ne, kuma wannan bambanci yana da tasiri ƙwarai idan an zo ƙarin ruwa.

Yadda ake gano ta

Rabin aikin da hannu da ido ake yin sa. Likita zai sa ma'aunin zafi a dubura, ya saurari zuciya, ya laluba bugun jijiyar cinya. Zai ɗaga leɓe ya danna dasashi ya saki: a lafiyayyiyar kyanwa launin yakan dawo cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Zai bi jiki yana neman kumburi ko ɗan ɓawon ciwo a ƙarƙashin gashi, ya leƙa ƙarƙashin harshe, ya duba gaban mace ko akwai abin da ke fita.

Sai jini. Da ɗigo kaɗan ana auna sukari, wanda kan faɗi ƙasa idan cutar ta yi nisa, da kuma yawan jajayen ƙwayoyi, waɗanda a kyanwa mai lafiya sukan kai kashi 30 zuwa 45 cikin ɗari na jinin. Ɗigo ɗaya kuma a shafa shi a gilashi, a rina shi da Giemsa, rinin da ake amfani da shi wajen gwajin zazzaɓin cizon sauro, a duba a madubin likita. A ganina babu gwajin da ya kai wannan riba idan aka kwatanta da kuɗinsa. Wanda ya iya kallo zai ga ko ɓargo ya fara turo fararen ƙwayoyin da ba su gama nuna ba saboda yaƙi ya ci manyan, zai ga waɗanda suka yi kumfa-kumfa da tabo-tabo saboda gaggawar da aka yi wajen ƙera su. Na'ura tana iya cewa adadin fararen ƙwayoyi daidai yake, ido ya ga cewa ba daidai ba ne.

Hoton ƙirji da na ciki su ne ke nuna inda ruwa ya taru. In an gan shi, sai a sa allura a zuƙo. Ruwan ƙirjin da ya ruɓe wani lokaci wari ma ya isa shaida. Idan kuma aka ga bakteriya a cikin fararen ƙwayoyin da ke ruwan ciki, magana ta ƙare, sai shirin tiyata. Akwai wata dabara mai sauƙi: a auna sukarin ruwan ciki da na jini a lokaci ɗaya. Bakteriya da fararen ƙwayoyi suna cinye sukari, don haka idan na ciki ya gaza na jini da fiye da miligiram 20 a kowace desilita, alama ce mai ƙarfi cewa cikin ya gurɓata.

Gwajin da ke faɗin sunan ƙwayar shi ne shuka jini a kwalba mai abincin bakteriya, a jira su tsiro, sannan a jarraba magunguna a kansu a ga wanda ke kashe su. A takarda abin ya yi kyau. A aikace akwai cikas. Jinin kyanwa bai wuce mililita 60 a kowane kilo ba, wato mai kilo 4 tana da abin da bai kai rubu'in lita ba gaba ɗaya, ga shi kuma ta riga ta rasa wani. Ba za a iya ɗibar mata yadda ake ɗibar wa mutum ba. Bakteriyar ma ba kullum suke yawo a jini ba, sukan fito su ɓace. Dole a aske gashi a goge fata sosai, in ba haka ba ƙwayoyin fata ne za su tsiro a ɗauka su ne masu laifi. Sakamako kuma sai bayan kwana biyu zuwa biyar. Saboda haka kwalbar da ba ta tsiro ba ba ta wanke kyanwa daga zargi ba, kuma sau da yawa mugunyar da aka zuƙo ko fitsari sun fi jini saurin faɗin gaskiya. Irin wannan aiki na ɗakin gwaji ne, kamar waɗanda ke asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ko cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom.

Abu ɗaya da mai kyanwa zai taimaka da shi a nan shi ne faɗin abin da ya ba ta a gida. Rabin kafson da aka buɗe aka zuba mata a madara bai isa ya warkar da ita ba, amma ya isa ya hana kwalbar tsirowa. Kuma idan farasitamol ne aka ba ta, to lallai a faɗa tun daga ƙofa. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta: jini ya koma ruwan ƙasa ya kasa ɗaukar iska, fuska da tafin ƙafa su kumbura. Likitan da bai san an ba ta ba zai yi ta neman cutar da ba ita ke kashe ta ba.

Jinya

Ba a jiran kwalba. Da zarar an ɗebi abin gwaji, sai a fara maganin kashe bakteriya ta jijiya, irin mai faɗin kamu, sau da yawa biyu a haɗe, domin a rufe duk ƙwayoyin da ake zargi. Ƙwayar haɗiya ba ta da amfani a wannan mataki, tun da hanjin da jini ba ya isa gare shi ba zai tsotse ta ba. In sakamako ya fito, sai a koma kan maganin da ya dace kaɗai.

Zaɓen maganin yana da tarko. Enrofloxacin, wanda masu kiwon kaji suka sani sarai, yana aiki a kan E. coli da danginta. Amma a ƙarshen shekarun 1990, bayan an fara ba kyanwoyi shi da yawa a Amurka, sai rahotanni suka riƙa zuwa na waɗanda suka makance farat ɗaya, wasunsu har abada. Daga baya aka gano cewa wani sinadarin da ke tsaron bayan ido, mai fitar da irin wannan magani daga wurin, ba ya aiki sosai a jikin kyanwa, sai maganin ya taru ya ƙone wurin gani. Shi ya sa ba a wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana, ga wadda ƙodarta ta raunana kuwa gara a nemi wani. Gentamicin ma yana lalata ƙodar dabbar da ruwan jikinta ya ƙare.

Ƙarin ruwa wajibi ne, amma a nan ne gaggawa ke kisa. Jijiyoyin kyanwar da ta yi sanyi ba sa amsa umarnin jiki na su tsuke. Idan aka ɗura mata ruwa da yawa a haka, sannan jikinta ya ɗumama jijiyoyin suka tsuke, ruwan ba shi da wurin zuwa sai huhu. Don haka ake ɗumama ta a hankali da bargo da gorar ruwan ɗumi da aka naɗe a tawul, ana ba ta ruwan kaɗan-kaɗan, kamar mililita 5 zuwa 10 a kowane kilo, a tsaya a saurari ƙirji a auna, sannan a ƙara. Sau da yawa da zafin jiki ya dawo, bugun zuciya ma sai ya tashi da kansa. In ƙarfin jini ya ƙi tashi duk da haka, sai a sa maganin tsuke jijiya. Ga iskar oksijin, ga sukari a cikin ruwan in ya faɗi, ga maganin ciwo irin wanda kyanwa ke iya ɗauka.

Duk wannan riƙon ƙwarya ne idan ba a kawar da tushen ba. Magani ba ya ratsa tarin mugunya. Ƙirji sai an sa roba an janye an wanke, hujajjen hanji sai an yanke an ɗinke, ruɓaɓɓiyar mahaifa sai an cire. Wanda ya ce a yi ta allura tukuna a ga abin da hali zai yi, don gudun kuɗin tiyata, yakan ƙare da biyan kuɗin allura ya kuma rasa kyanwar. Ko a manyan asibitocin Turai da Amurka, rahotannin kyanwoyin da cikinsu ya gurɓata sun nuna masu tsira daga wajen rabi ne zuwa kashi 70 cikin ɗari. Ya kamata likita ya faɗi wannan ga mai dabba tun da wuri, kafin a fara kashe kuɗi.

Sai abinci, wanda ake yawan mantawa. Kyanwa, musamman mai ƙiba, idan ta yi kwanaki ba ta ci ba, kitse yakan taru a hantarta ya zama wata cutar mai zaman kanta. Shi ya sa ake zura mata siririyar roba ta hanci ko ta gefen wuya a riƙa ba ta abinci mai ruwa, maimakon a zauna jiran ranar da za ta ga dama.

Mai hawa bayan jajayen ƙwayoyi

A 1942 wani likitan dabbobi mai suna Clark ya ga wasu ɗige-ɗige a kan jajayen ƙwayoyin jinin wata kyanwa a Afirka ta Kudu. A 1953 wasu masu bincike, Flint da Moss, suka bayyana cutar ƙarancin jini da irin wannan ƙwaya ke jawowa a Amurka, aka yi shekaru ana kiran ta Haemobartonella felis. Da aka iya karanta ƙwayoyin gadonta, sai aka ga ashe 'yar gidan Mycoplasma ce, a 2001 aka sauya mata suna zuwa Mycoplasma haemofelis. Tana da 'yan uwa biyu masu sauƙin illa, ɗaya daga cikinsu a birnin Zurik na Suwizalan aka gano ta.

Sauyin gidan ya bayyana wani abu da likitoci suka daɗe da lura da shi. 'Yan Mycoplasma ba su da ɓawon da sauran bakteriya ke da shi, fenisilin da danginsa kuwa ɓawon suke fasawa. Ke nan amoksisilin, wanda shi ne hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, ko gezau ba ya sa ta.

Ita ba ta shiga cikin jan ƙwayar, a bayanta take liƙewa. Jiki ya ga ƙwayar jininsa ta sauya kama, sai saifa ta kama ta ta narkar, wani lokaci har da lafiyayyun. Kyanwa ta yi fari, ta yi kasala, zazzaɓi ya zo ya tafi, saifa ta kumbura, wata ma ta koma lasar ƙasa ko siminti. Muzuru mai yawo da faɗa shi ya fi kamuwa, haka wanda wani bairos mai karya garkuwar jiki ya riga ya raunana. Ana kyautata zaton jinin da ake zubarwa wajen faɗa yana yaɗa ta, kuma tabbas ƙarin jini daga mai ɗauke da ita yana yaɗa ta.

Gano ta yana da wuya. Har yau ba a iya shuka ta a kwalba ba. A madubi kuma tana wasan ɓuya: da safe a gan ta a kan mafi yawan ƙwayoyin jini, bayan 'yan sa'o'i a neme ta a rasa. Idan jinin ya daɗe a kwalbar gwaji takan saki ƙwayoyin ta zube, don haka gara a shafa gilashin nan take daga jijiya. A ɗaya ɓangaren, dattin rini yakan yi kama da ita, har a ɗora wa kyanwa cutar da ba ta da ita. Gwajin PCR, mai neman ƙwayoyin gadonta kai tsaye, shi ne abin dogaro inda ake samun sa.

Maganinta doksisaikilin ne, miligiram 10 a kowane kilo a rana, na mako biyu zuwa huɗu. Akwai sharaɗi: kada a tura mata busasshiyar ƙwaya a bar ta haka. Takan maƙale a hanyar abinci ta ƙone wurin, in ya warke ya tsuke, kyanwa ta koma duk abin da ta ci sai ya dawo. A bi ta da ruwa a sirinji ko ɗan abinci kowane lokaci. Yawancinsu suna farfaɗowa cikin 'yan kwanaki, sai dai da yawa ƙwayar ba ta barin jikinsu gaba ɗaya, tana iya tasowa idan wata cuta ta zo.

Idan jajayen ƙwayoyi suka faɗi zuwa wajen kashi 12 ko 15 kuma kyanwa ta fara haki, sai ƙarin jini. Rukunin jinin kyanwa uku ne: A, B da AB. Ba kamar kare ba, ita tana da makaman yaƙar jinin da ba nata ba tun kafin a taɓa yi mata ƙari. Mai rukunin B idan aka sa mata na A, ɗan kaɗan ma yana iya kashe ta a kan teburi. Kada a taɓa yin ƙarin jini ga kyanwa ba tare da an gwada dacewar jinin biyu ba, ko da na farko ne.

Baƙuwar da ba ta damun mai gida

A 1950 likitan yara Robert Debré na birnin Faris ya wallafa bayanin wata cuta da ke fito wa yara da kaluluwa bayan kyanwa ta yaƙushe su. Aka yi shekara arba'in ana neman mai laifi. Sai da cutar ƙanjamau ta zo, aka riƙa ganin wasu jajayen ƙuraje masu jini a jikin masu ita, bincike a kansu ya kai ga ƙwayar a farkon shekarun 1990. Aka raɗa mata suna daga sunan Diane Hensel, ma'aikaciyar ɗakin gwaji a Oklahoma wadda ta yi aikin tsiro da ita, yau ana kiran ta Bartonella henselae. A 1996 aka tabbatar ƙuma ce ke ɗaukar ta daga kyanwa zuwa kyanwa.

Wannan bakteriya tana iya zama a jinin kyanwa wata da watanni, musamman 'yan ƙasa da shekara ɗaya a wurare masu ɗumi da laima, kuma mafi yawansu lafiyarsu ƙalau. Nadiran ne take jawo zazzaɓi ko ciwon zuciya. Saboda haka masana ba sa ba da shawarar gwada lafiyayyiyar kyanwa ko ɗura mata magani: ba a da tabbacin maganin zai share ƙwayar, ga haɗarin koya wa wasu bakteriya jure magani, ga shi kuma wajen danne ta a ba ta ƙwaya ne ma za ta fi yaƙushin mutum. Ba kowacce ce kyanwar Lami ba.

Hanyar da take zuwa wa mutum ta kashin ƙuma ce. Kyanwa ta yi susa, kashin ya shiga ƙarƙashin farcenta, farcen ya shiga fatar yaro. Bayan 'yan kwanaki ɗan ƙurji ya fito a wurin, bayan mako ɗaya zuwa uku kaluluwa ta taso a hammata ko wuya. Ga mai lafiya takan baje da kanta cikin wata biyu zuwa huɗu. Ga mai raunin garkuwar jiki kuwa tana iya taɓa hanta da saifa da zuciya, don haka irin wannan gida gara su ɗauki kyanwar da ta wuce shekara ɗaya, su wanke duk yaƙushi da sabulu nan take, kada kuma su bar ta tana lasar ciwo. Cizo mai zurfi, musamman a hannu, na asibiti ne a ranar, saboda Pasteurella takan kumbura wurin kafin kwana ɗaya, ga kuma batun ciwon haukan kare idan ba a san tarihin dabbar ba.

Aikin da ya rage duk a kan ƙuma yake, kuma nan ma ana kashe kyanwoyi da kyakkyawar niyya. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin guba ne gare su, yana sa karkarwa da farfaɗiya. Fiya-fiya da maganin feshin gona ko na wankan shanu ba abin da za a kusantar da su ba ne, tun da duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe shi. A nemi wanda aka rubuta na kyanwa ne, a ɗiga a bayan wuya inda harshe ba ya kaiwa, a maimaita bisa ƙa'idarsa, yawanci wata-wata. Ƙumar da ake gani a jikinta kaɗan ce daga cikin waɗanda ke gidan. Sauran ƙwai ne da tsutsotsi a cikin tsumman da take kwana, da ƙarƙashin tabarma, da tsagar daɓe, kuma suna iya yin makonni kafin su zama manyan ƙuma. Don haka a wanke shimfiɗarta da ruwan zafi a shanya a rana, a share lungunan, a kuma yi wa dukkan kyanwoyi da karnukan gidan magani a lokaci guda, na aƙalla wata uku a jere.